Sabis ɗin da Na Yi wa Rumbun Albasa

Ƙanena malamin jami'a ya zura zaren gilashi mai ɗauke da haske cikin rumbun albasarmu a Aliero, ya haɗa shi da wata 'yar roba mai araha, ƙarama kamar farce. Ita ke karanta hasken zaren, ta faɗi zafin rumbu kafin albasa ta ruɓe. Ya ce kada a taɓa.

Ni tsohon mai gyaran janareta za a kafa wa doka? Na ga ta yi datti, na tsoma ta a fetur kamar fulogi. Ta fito kamar cingam.

Ƙanena ya dafe kai. "Yaya, mi kay yi?"

Na ce, "Sabis."

Rabin albasar ta ruɓe. Har yau in yaro ya ƙi wanka, sai matata ta ce, "Bari Injiniya ya ɗauko fetur."