Ranar da Takina Ya Tashi Unguwa

Ko zan manta da komai na waɗancan shekarun, ba zan taɓa mantawa da ɗigar randarmu ba. Ɗis. Shiru. Ɗis. Ta ɗan tsage ne ta gindi, ni kuma na ƙi yarda a fitar da ita, saboda ta mahaifiyata ce, tare aka kawo mu daga Wulari zuwa gidan aurena a Maisandari. Ruwa a lokacin sai mai moya, wato mai sayar da ruwa, ya turo kurarsa, ranar da gari ya rikice kuwa ko ƙeyarsa ba a gani, don haka duk ɗigon da ya faɗi ƙasa sai in ji shi har cikin raina. Wata safiya na durƙusa zan tura kwano in tari ruwan, sai na ga ɗan tsiro mai ganye biyu a cikin damshin. Tumatir ne. Ba wanda ya shuka shi, ruwan wanke-wanke ne ya kawo ƙwayarsa.

Na yi kuka a kan tsiron nan (ni ce dai wadda ake ɓoye wa idan za a yanka kaza). Ga dokar hana fita, ga layin waya an katse, manoman bayan gari ba sa iya zuwa gonakinsu har kayan miya sun zama sai wane da wane, amma ga wani ɗan taliki ya fito abinsa bai nemi izinin kowa ba.

Kafin damina ta zagayo, tsakar gidana ta cika. Tsofaffin buhuna, bokitin da ya fashe, tayar mota, har kwandon wanki, duk na zuba musu ƙasa. Ga yakuwa, ga kuɓewa, ga alayyafo, ga attaruhu, ga zogale biyu a jikin katanga. Da a nan na tsaya da lafiya lau. Matsalata ita ce ba na iya yin abu ban mayar da shi darasi ba. Malamarmu ta Islamiyya ta taɓa gaya mana cewa tsirrai ma suna tasbihi, kuma abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce. Na ɗauki wannan na ɗora nawa a kai. Na hana faɗa a kusa da kuɓewa. Na hana korar tsuntsaye. Idan zan tsinki ganye sai na yi bismilla na ba shi haƙuri. Na kafa doka cewa a gidana babu shara, komai abincin wani ne. Babban karatuna kuwa, wanda duk matar da ta shigo aron turmi sai ta saurara kafin ta fita, shi ne natsuwa: shuka ba ta gudu, ko me ake harbawa tana tsaye inda Allah ya ajiye ta, kuma wanda ya zauna da ita zai koyi hakan.

Baban Yagana, maigidana, mutum ne mai haƙuri. Maganin dabbobi yake sayarwa a Kasuwar Shanu. Iyakar abin da yake cewa shi ne a bar masa hanyar zuwa banɗaki.

To, sai ganyen alayyafona ya fara yin rawaya. Takin zamani an hana sayar da shi a gari, saboda masu haɗa abin fashewa da shi suke amfani. Ina cikin wannan damuwa na ji wani malamin gona a rediyo yana bayanin yadda ake jiƙa kashin shanu a ruwa, a bar shi ya kwana biyu, a tace a zuba wa shuka. Yana cewa "amma a kula, kada a…" batir ya mutu. Ban damu ba. Na yi sakandare, na ce a raina, sauran ai hankali ne.

Sai da na yi mako ina lallashi kafin Baban Yagana ya yarda ya zo mini da kashin. Ya ce shekararsa nawa a kasuwar nan ana ce masa Dakta, yanzu zan sa shi ya bi bayan shanu da buhu. Ya dai kawo, a Keke Napep, direban yana ta mita har ƙofar gida.

Na samu jarkar man gyaɗa babba, na zuba kashin da ruwa. Sai tausayi ya kama ni. Na ce yanzu bayin Allahn nan da ke ciyar da mu, wannan kaɗai za a ba su? Na ƙara ruwan tsamin gasara. Na ƙara ruɓaɓɓen tumatir da ƙanzo. Na tuna da sauran yis ɗin da na yi fanke da shi, na juye. Daga ƙarshe na kawo sukari na zuba, ba kaɗan ba (kar ku tambaye ni dalili, gani na yi ko jariri ba a ba shi magani sai da ɗan zaƙi).

Kwana biyu gidan ya ɗauki wani irin wari da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya shigo. Baban Yagana ya ce ko jarkar ko shi. Na sa leda a bakinta, na murɗa murfin da dukkan ƙarfina har da tsumma, don kada warin ya fita. Na ja ta zuwa ɗan lungun da ke tsakanin katangarmu da masallacin unguwa, na saka ta cikin wani tsohon duro na ƙarfe, na rufe da fallen kwano, na ɗora dutse. A watan Afrilu. A ranar Maiduguri. Na koma gida ina jin daɗin dabarata.

Ranar da abin ya faru, an rufe kasuwa a makon, don haka maza suna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. 'Yarmu Yagana tana makaranta. Ni kuma ina da baƙi, matan ajinmu na Islamiyya uku, da Ya Falmata, dattijuwar da katangarmu ɗaya da ita. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar zogale, na kawo shayi, na buɗe karatu. Ina tuna daidai inda na kai. Na nuna kuɓewa da yatsa, na ce musu ni yanzu alhamdu lillahi tsoro ya fita daga zuciyata, ko a bayan ɗakina aka…

Ban ƙarasa ba.

Ƙarar da duron nan ya yi, da fallen kwanon da ya tashi sama ya faɗo kan rufin masallaci, ba zan iya kwatanta muku ba. Abin da na sani kawai, na tsinci kaina kwance rub da ciki a tsakiyar alayyafo, sabon kwandon wanki a kaina, ina salati da wata murya da ban san ina da ita ba. Takalmina ɗaya a kan katanga aka same shi daga baya. Da na leƙo ta ramukan kwandon, sai na ga Ya Falmata zaune inda take, kofin shayi a hannu, tana kallona.

"Malamar natsuwa," ta ce, "kin danne ɗalibanki."

Waje kuwa ya kacame. Ihu, gudu, ana kiran sunayen yara, ana rufe shaguna. Makarantar su Yagana da ke bayan layinmu aka buɗe ƙofa aka sallami yara. Sannan iska ta kaɗo, ta kawo wari. Matan suka toshe hanci suna cewa wannan wane irin sabon abu ne kuma aka fara haɗawa. Ni kuwa na gane shi kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin taro.

Na yi shiru. Wallahi na yi shiru. Na ce a raina wataƙila abin ya wuce a haka, a ce tayar mota ce.

Bai wuce ba. Kafin wani lokaci motocin sojoji sun toshe layin ta kowane gefe, samarin unguwa masu gora suna biye da su. Aka zaunar da duk namijin da ke layin a rana, har da Liman, har da Bulama mai unguwarmu. Ta kafar ƙofa nake leƙe. Na ji ana tambaya katangar wa ce wannan, duron wa ne. Na ga Baban Yagana ya ɗaga hannu a hankali. Bai san jarkar tana ciki ba, ban gaya masa inda na kai ta ba. Na ga an tashe shi tsaye, an nuna masa bayan mota.

Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun ya san abin da shiga motar nan yake nufi. Wani ya dawo bayan mako, wani har yau ana jira.

Ban san lokacin da na zari hijabi ba. Na fito da takalmi ɗaya, ganyen alayyafo manne a goshina, hannuwana a sama. Aka daka mini tsawa in tsaya inda nake, na tsaya. Babbansu, wani dogo mai jin Hausa sama-sama, ya tambayi abin da nake so. Na ce kayan nawa ne.

"Naki? Mene ne a ciki?"

Na faɗa a hankali. Ya ce bai ji ba. Na ƙara faɗa. Ya ce in ɗaga murya kowa ya ji.

"Kashin shanu ne, ranka ya daɗe."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce kashin shanu ba ya fashewa, a garinsu ma akwai shanu. Ya sa na wuce gaba zuwa lungun, su suna nesa da ni. Jarkar ta tsage gida biyu, duron ya wage baki, farar katangar masallacin da aka yi wa fenti kafin azumi ta koma kamar zanen atamfa. Ya ce in sa hannu in ɗebo. Na sa, na ɗebo, na ɗaga masa. Sannan ya ce in lissafa duk abin da na zuba, ɗaya bayan ɗaya, kada in ɓoye komai.

Haka na tsaya a gaban Liman, da Bulama, da mahautan layinmu, da samarin da nake yi wa faɗa a kan sallar asuba, hannuna yana ɗiga, ina karanto musu kamar mai koyar da girki. Ruwan gasara. Tumatir. Ƙanzo. Yis. Da na zo kan na ƙarshe na ɗan tsaya, ya ce in ci gaba. Na ce sukari.

Baban Yagana, da ke tsaye a bakin mota ƙafa ɗaya a sama, mutumin da ya yi kwanaki yana shan shayi salam saboda na ce masa sukari ya ƙare, ya juyo ya dube ni.

"Sukarin nawa?" ya ce.

Wani soja ne ya fara. Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Sai Bulama ya sa hula ya rufe fuska. Daga nan layin gaba ɗaya ya ɓarke da dariya, mutanen da minti kaɗan baya suke kalmar shahada suna riƙe ciki a ƙasa. Babban nasu ya yi ƙoƙari ya ɗaure fuska, ya tambaye ni me ya sa na toshe bakin jarkar. Na ce saboda maigida ba ya son wari. Ya dubi Baban Yagana, ya dubi katangar, ya ce masa ya sauke ƙafarsa ya koma gida, hukuncin da ke jiransa a can ya ishe shi. Ni kuma ya ce daga yau ko kunu zan dama in sanar da Bulama.

Liman bai yi faɗa ba. Ya dai aiko a tambaya, cikin ladabi, ko ina da tsintsiyar kwakwa. Ni da Ya Falmata muka wanke katangar, ita tana zuba ruwa tana ba ni labarin yadda na yi tsalle, wai ba ta san mai jiki irin nawa tana iya tashi sama haka ba. Azahar da la'asar a gindin dalbejiya aka yi su ranar. Baban Yagana kuwa da ya shigo gida sai ya zauna a bakin ƙofar ɗaki. Na kawo masa ruwa na durƙusa zan ba shi haƙuri, sai ya ce in bari, ya ga fitowata da takalmi ɗaya, ya isa. Washegari ya sayo sukari ya kulle a akwatinsa.

Har yanzu ina shuka, kuma har yanzu ina ba ganye haƙuri kafin in tsinka. Abin da na rage shi ne wa'azi. Na gane cewa kuɓewa ba jarumta ce ta hana ta gudu ba, ƙafa ce ba ta da ita. Na kuma gane cewa duk abin da yake numfashi, ko kashin shanu ne, idan aka toshe masa baki zai nemi hanyar magana da kansa. Idan malami kuma ya ce "amma a kula", to a nemi batir.

Na ɗauka Yagana ce za ta fi kowa jin kunya, domin har a makaranta an samu labari, yara suna nuna ta suna cewa ga 'yar mai bam. Kwana biyu tana ta kewaya ni. Ran na uku ina ba yakuwa ruwa ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta karɓi butar ta taya ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta waiga ta tabbatar babanta ba ya kusa, sannan ta matso bakinta kusa da kunnena.

"Mama, 'yan ajinmu sun ce in gaishe ki. Wai in akwai sauran haɗin nan, ranar Talata muke da jarrabawar lissafi."