Haƙorin da Ya Tsayar da Ɗaurin Auren Ƙanina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanina Nura ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Dayi ba za su bar ni ba.

Ni mai sayar da taki da maganin feshi ne a Malumfashi. Tun da mahaifinmu ya rasu, ni na zama babba a ɗakinmu. Da maganar auren Nura ta tashi, Baffa Sule, ƙanin mahaifinmu, shi ya kamata ya karɓi auren, amma kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Ya kira ni ya ce, "Kai za ka zauna a gaban liman, ɗana. Ni in aka ce an ba mu, sai in ji kamar an ce an hana mu." Na ji daɗin wannan girma har cikin raina. Na ɗinka farar shadda, na riƙa maimaita kalmomin neman aure a shago in babu mai saye.

To, amma akwai wani abokin gaba da nake ɗauke da shi a baki. Turmi ne na can ƙurya, a ƙasa ta hannun dama, wanda ake ce wa haƙorin hankali (ban san wanda ya raɗa masa wannan suna ba, ni dai ɗauke mini hankali ya yi). A karkace ya fito, abinci yana maƙalewa a gindinsa, asuwaki ba ya kai wa wurin, har ya yi kogo. Ni kuwa ga shan rake, ga shayi mai sukari kamar ana gasa. Babu abin da ban gwada ba. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na ɗiga turare a auduga na cusa. Wani manomi ma ya ce in ɗiga ruwan batir, wai yana kashe tsutsar. Wannan dai Allah Ya sa ban kai ga yi ba.

Matata Hajara ta gaji da ganina riƙe da kumatu. Ta ce, "Baban Ummi, ka je a cire shi tun biki da saura. In kuma ba za ka je yanzu ba, ka daure sai an watse." Na ce mata ciwon ya lafa. Gaskiyar magana, allura nake tsoro. Mutum ne ni da zan kama bijimi in kayar, amma in na hangi allura sai in nemi hanyar gudu.

Ranar ɗaurin aure da safe haƙorin nan ya ce bai san zancen ba. Zugi yake tun daga muƙamuƙi har tsakar ka, idona na dama yana hawaye shi kaɗai. Hajara ta riga ta tafi gidan mahaifiyarmu wajen girkin biki. Na yi lissafi irin na mai wayo: ɗaurin aure sai bayan azahar, cire haƙori kuwa ai kamar tuge gyaɗa ne. In je a cire, in wuce Dayi garin amarya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban gaya wa kowa ba, musamman Hajara, don na san abin da za ta ce, kuma na san ita ce da gaskiya.

Likitar haƙorin wata matashiya ce mai sanyin murya. Ta leƙa bakina ta ce, "Alhaji, wannan ai ya daɗe da lalacewa, fita zai yi." Ta yi mini allurar kashe zafi. Da ta ɗauko abin aikinta na kurma ihu tun ba ta taɓa ni ba, don haka ta ƙara mini wata. Aka sha fama, don saiwarsa a lanƙwashe take, amma ya fita. Ta tura mini dunƙulen auduga a gurbin ta ce, "Ku cije. Ku tafi gida ku kwanta. Ban da yawan magana, ban da tofar da yawu, ban da abu mai zafi." Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Na yi mata alama ta ba ni haƙorin, ta naɗe a takarda, na jefa a aljihu, wai in nuna wa Hajara jarumtata da yamma.

Da na fito sai na ji ɓarin fuskata kamar na aro ne. Ciwo dai babu, sai na ce alhamdu lillahi. Na koma gida na zura farar shaddata, na lalubo wani tsohon takunkumi da ya rage tun zamanin annoba na rufe baki da hanci don kada a ga kumburi, na hau babur sai Dayi. Ku lura, tun da na bar asibiti ban yi magana da kowa ba. Ban gwada bakin ba ko sau ɗaya.

Na tarar ƙofar gidan Alhaji Mamman, mahaifin amarya, ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, ga lasifika. Nura ya taro ni yana cewa, "Yaya, ina ka shiga? Kai kaɗai ake jira." Na nuna masa hancina, alamar mura, na wuce na zauna gaban liman.

Liman ya yi huɗuba, ya ce, "Ina wakilin ango?" Aka miƙo mini abin magana. Sai ya ƙara da cewa, "Malam, a ɗan sauke ƙyallen nan don shaidu su ji da kyau."

Na sauke.

Na ga fuskokin na kusa da ni sun sauya, amma na ɗauka kwarjini ne. Abin da ban sani ba shi ne, leɓena na ƙasa ya zube gefe guda, kumatuna ya yi suntum, ga jan yawu yana bin gemuna yana ɗiga a kan farar shadda. Ni ban ji komai ba. Na gyara zama na buɗe baki da niyyar cewa, "Ina nema wa ƙanina Nura auren 'yarku Fatima." Abin da ya fito ta lasifika, har bakin titi, shi ne, "Iya yema wa ƙayiya Yuwa auwe yawwu Wawima."

Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi maganar. Na sake gwadawa da ƙarfi, ta fito fiye da ta farko muni.

Baffa Sule ba ya ji, amma idonsa garau yake. Ya miƙe tsaye da sandarsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Bakinsa ya karkace! Wallahi haka ya faro wa ubansa!" Mahaifinmu kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, kowa a wurin ya sani. Kafin in ɗaga hannu, an yi kaina.

Aka kwantar da ni a tabarma. Wani ya cire mini hula, wani yana fifita da kwali, wani ya kwara mini ruwan sanyi a ka, liman yana tofi. Wani bawan Allah ya fasa albasa ya danna mini a hanci (har yau ina neman mutumin nan). Garin kokawar in tashi, audugar nan ta faɗo daga bakina jawur. Aka ɗauki salati. "Jini yake amai!"

Na tattara ƙarfina na ce, "Haƙori ne! Haƙori!" Amma harshe ya ƙi ba ni haɗin kai. Nura ya kara kunne a bakina, ya ɗago yana kuka wiwi ya ce, "Haƙuri yake ba mu. Yana cewa mu yi haƙuri."

"Allahu akbar! Gafara yake nema!"

"Mun yafe maka, Alhaji! Duniya da lahira!"

Mutanen da ban taɓa gani ba suna ta yafe mini. Wani dattijo ya durƙusa a kaina yana laƙƙana mini kalmar shahada. Na karɓa, don ba a ƙin karɓa, amma ita ma a karkace ta fito, kuka ya ƙaru.

Sai dabara ta faɗo mini. Na zura hannu a aljihu, na warware takardar nan, na ɗaga haƙorin sama don kowa ya gani ya gane. Wani mutum ya ja da baya ya dafe kai ya ce, "La ilaha illallahu! Haƙoransa ma sun fara zuba!"

Daga nan na sallama. Aka ɗauke ni cak aka saka a motar da aka wanke don ɗaukar amarya, Nura ya rungume kaina a cinyarsa, babura suka biyo mu a baya suna ta ham. Ina kwance ina kallon rufin mota, ina jin ana buga waya ana cewa, "A gaya wa mutanen gida, jikin ya yi tsanani."

A asibitin Malumfashi aka dire ni, wanda na baro ɗazu da ƙafata. Ma'aikata suka auna jinina, suka ce in ɗaga hannuwa, na ɗaga, in ɗaga ƙafafu, na ɗaga. Suna cikin duban juna sai ga Hajara ta faɗo, mayafi a hannu, takalmi wari guda, hannunta duk manja, mahaifiyarmu na biye da ita ana rirriƙe da ita. Ganin fuskar tsohuwar nan shi ya fi komai taɓa ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hayaniyar ce ta fito da likitar haƙori daga ɗakinta. Ta kutsa ta leƙo, ta dube ni, ta dubi taron. Ta ce, "Alhaji? Ba na ce ku tafi gida ku kwanta ba?" Sannan ta juya ga jama'a ta ce, "Haƙori muka cire masa ɗazu. Allura ce ba ta sake shi ba, an jima kaɗan zai dawo daidai."

Nura ya zare hannunsa daga kaina a hankali. Baffa Sule ya dubi wannan ya dubi wancan ya ce, "Me ta ce? Ya cika?" Dole wani ya kafa baki a kunnensa ya ƙwala da iyakar ƙarfinsa, har masu jinya na ɗakunan nesa suka ji: "Haƙori ya cire, Baffa! Haƙori!"

Hajara ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta yafa mayafinta ta ce, "Baban Ummi, a kan hanyar nan har na fara tunanin wanda zai ara mini kayan takaba." Mahaifiyarmu kuwa ta share hawaye ta ce, "Allah Ya shirye ka," kamar tana magana da ɗan yaye.

Ina zaton an gama, ashe da saura. Labari ya zo daga Dayi cewa wasu sun fara raɗe-raɗin wai amarya farar ƙafa gare ta, tun ba ta shigo ba ta kayar da babban wa. Fatima tana ɗaki tana kuka, ta ƙi cin komai. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Nan na gane girman ɓarnar da na yi. Na yi nuni da a mayar da ni.

Bayan la'asar bakina ya fara dawowa, ciwo kuma ya biyo shi. Na sake zama gaban liman, da aron riga, a gaban taron da ya ninka na farko, don har waɗanda ba a gayyata ba sun zo ganin wanda ya mutu ya dawo. Na karɓi abin magana na ce, "Jama'a, lafiyata ƙalau. Haƙori na cire ban gaya wa kowa ba. Fatima ba ta da laifin komai, in akwai mai farar ƙafa a nan, to wanda ya tuƙo babur daga Malumfashi ne." Aka fashe da dariya, har da masu hawaye. Alhaji Mamman ya ce, "Mun ji, mun kuma yafe. Ai tun ɗazu muka yafe maka, ba sai ka sake roƙo ba."

Na nemi aure, aka ba mu, na karɓa. Liman ya tambayi shaidu ko sun ji, suka amsa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Aka shafa fatiha. Aka kawo shinkafa da naman rago, ni kuwa aka ajiye mini kunu mai sanyi a kofi, ina sha ta gefe guda ina kallon mutane.

Yanzu Nura da Fatima suna zaune lafiya har da 'ya'ya. Ni kuma na koyi darasina: abin da ka ƙi faɗa wa matarka a tsakar gida, wata rana da lasifika za ka faɗe shi a garin surukai. Kwanan baya haƙorin hagu ya fara motsi. Tun kafin in je asibiti na sanar da Hajara, na sanar da mahaifiyarmu, na sanar da maƙwabta, na je har gida na ƙwala wa Baffa Sule a kunne. Ya dube ni ya ce, "To, Allah Ya sa a yi a sa'a. Auren wa za a ɗaura?"