Tabkin Da Na Cika Da Hannuna

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ina Damagaram ina rubuta memwar ɗina na gama jami'a a kan ruwan sha a yankinmu na Dogo. Ban leƙa ƙauye ba, don a ganina mai ordinatar, wato kwamfuta, ya wuce shan rana. A kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya sa wa hannu, na tarar an rubuta cewa tabkin garinmu bai taɓa ƙafewa ba. Na jinjina kai, na ce lallai marubucin nan ya san ƙasa. Babi guda na ɗora a kan maganarsa.

Ranar kare aikin, Goggon da ta rene ni ta zo kallo. Farfesa ya buɗe tarihin shafin, ya ga sunan wanda ya rubuta zancen tabkin, ya ce, "Ɗalibi, wane masani ne Na-Goggo?"

Laƙabina ne. Sai a lokacin na tuna: shekarun baya wani abokina ɗan Mirriya ya ishe ni da kurin lambunansu, na shiga siber, shagon intanet, na rama da rubuta cewa tabkinmu bai taɓa ƙafewa ba. Ashe da kaina na kafa hujja.

Goggo ta ji sunanta, aka fassara mata zancen. Ta ce, "Malam, a tsakiyar tabkin nan akuyata ta mutu da ƙishirwa bana."

Shekara guda na maimaita. Har yau in na je gida na nemi ruwan wanka, sai ta miƙo mini bido, jarkar ruwa, ba komai ciki. "Ungo, ɗan nan, ɗebo mana a tabkinka."