Na'urar da Ta Hana Surukaina Cin Tuwo

Zamanin da kuɗin mai ya fara cika kasuwa da kayan waje, na dawo Kazaure daga kwas da wata na'urar lissafi ta aljihu, irin wadda ake jera wa umarni ta yi ta bi har ta gama. Ranar da yayyen matata suka zo daga Babura na zaɓa in nuna ta.

An ajiye tuwo da miyar kuka, kowa ya wanke hannu, na ce a ɗan dakata. Na bayyana musu cewa wani lissafin yana ƙarewa, wani kuwa zagaye yake yi har abada, kuma ni na gano hanyar bambance su: a ba na'ura, in ta tsaya, mai ƙarewa ne. Na ba ta wani lissafi, na danna.

Baƙo ba ya riga maigida sa hannu a akushi, balle suruki. Suka zauna, na'ura tana ta ƙiftawa.

Can babbansu, Yaya Sale, ya ce, "Malam, in marar ƙarewa ne fa, yaushe za ta gaya mana?"

Na gyara hula na ce, "Ai da mun ga ba ta tsaya ba, shi ke nan."

"Zuwa yaushe?"

Na ce saura kaɗan. Tuwo ya sandare, aka kira la'asar, batir ya mutu ba amsa.

Har yau duk wanda na gayyata cin abinci sai ya tsaya daga zaure ya tambaya, "Malam, ta tsaya, ko in je gida in ci tukuna?"