Rasuwar Taguwa, Motar da Ke Durƙusa wa Maigidana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni matar gidan nan mai jar ƙofa a ƙarshen layi nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarmu, wadda yara suka laƙaba wa suna Taguwa. Ta cika ranar Larabar makon jiya, ƙarfe tara saura na safe, a bakin ƙofar asibiti, tana ɗauke da maigidana. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya, biyar a hannun wanda ya fara sayenta, shida a hannunmu.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, don na san ƙarfe ce. Amma ina so kowa ya ji, ya kuma gaya wa wanda bai ji ba: ta mutu. Ba suma ta yi ba, ba batir take jira ba. Ana shirin sayar da ita jibi Asabar a matsayin mai rai, shi ya sa na yi gaggawar wannan sanarwa. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, kuma babu wata takarda a gabana. Abin da na riƙe a kaina nake rubutawa, in an ga kuskure a yi mini afuwa.

Marigayiya mota ce mai tudu, ta iyali, ruwan toka, ba ta kai manyan nan masu cika titi ba, amma ta fi ƙarfin a kira ta ƙarama. Maigidana ya sayo ta ta hannu lokacin yana da ƙarfinsa, yana harkar tayil. Kujerunta bakwai ne, na fata. Idan ka rufe ƙofarta ba ta yin ƙara, sai dai ka ji "dum", kamar an rufe firji, daga nan hayaniyar duniya ta tsaya a waje. Injinta ba ya ɗaga murya. Ta shiga rami ba tare da ta kai wa bayanka ƙara ba. Ta bi ruwan sama da laka, ta kai amare, ta ɗauko gawa sau ɗaya, ba ta taɓa barinmu a hanya ba sai ranar da ajalinta ya zo.

Tana da nata aibin, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Mai ci ce. Ba ta wuce gidan mai ba tare da ta waiga ba. Kujeru biyun nan na can baya sunan kujera kawai gare su, babba in ya zauna gwiwarsa na taɓa haɓarsa, in kuma an ɗaga su but ɗin ba ya cin akwati biyu. In ta wuni a rana fatar kujerar sai ta ƙona cinya. Kayan gyaranta sai an aika nesa, a jira, kuma ba kowane bakanike take yarda ya taɓa ta ba. Duk mai son irinta, sabuwa ko ta hannu, ya san ba ranar saye ake gama biya ba.

Babban halinta shi ne durƙuso. Ba a kan ƙarfe take zaune ba, a kan wasu jakunkunan iska take. Akwai wani maɓalli kusa da giya, in ka danna sai ka ji "fssss", ta sauka a hankali har ta kusa taɓa ƙasa. Daga nan ta samo sunanta, don haka taguwa, macen raƙumi, take durƙusawa a hau ta. Da farko wasan yara ne. Shekara uku da suka wuce ƙodar maigidana ta gaza, aka sa shi wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa sosai. Sai durƙuson ya zama abin da muke rayuwa da shi. Nakan turo kekensa har bakin ƙofa, ta sauka, ya dafa kafaɗata ya zame ya zauna, ba sai an kira maza sun cicciɓe shi kamar buhu ba. Mutum ne mai jin kunyar a ɗauke shi. Saboda shi na koyi tuƙi ina da shekara arba'in da shida, a cikinta na koya, kuma ta yi haƙuri da ni. Shaidar tana nan a bayanta ta hagu, inda na gaisa da ginshiƙin ƙofar gida.

Yanzu sai maganar jinyarta, wadda ita ce ta fi yi mini nauyi.

Taguwa tana da baki. In wani abu ya dame ta sai ta yi "ɗin, ɗin, ɗin", fitila ta kama a allon da ke bayan sitiyari. Ko bel ba ka ɗaura ba sai ta faɗa. To wannan kukan nata iri ɗaya ne sak da na injin wankin ƙoda idan jinin mutum ya faɗi. Maigidana ya taɓa jin sa a kan gadon asibiti ranar da ya kusa tafiya. Tun daga ranar, duk lokacin da ta yi sai ya damƙe mini hannu ina tuƙi, gumi ya karyo masa. Na kasa jurewa. Na kai ta wurin mai wayarin na ce ya kashe ƙarar. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, in na rufe mata baki, idonki ne zai zama kunnenki. Kullum ki riƙa duba allo." Na ce na ji.

Bayan wata biyu na manta katin asibiti a gida, muka koma ɗaukowa, kafin mu dawo an ba wani injin wankin da aka ware mana. Na rantse ba za a sake ba. Na nemi inda ba zan taɓa mantawa da katin ba, na soke shi a gaban allon, bayan sitiyari. Katin babba ne. Ya rufe allurar zafi da fitilun da ke gefenta. Shekara guda yana nan, ina ganinsa kullum ina jin daɗin dabarata.

Ranar Laraba mun fito a makare. A kan gada muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak. Na fara jin wani wari kamar sukari yana ƙonewa, na ce daga motar gabanmu ne. Sai esin da ke sanyaya motar ya fara huro zafi. Maigidana ya jingina kai, idonsa a rufe, fuskarsa a kumbure, saura minti ashirin a ba wani injin. Da hanya ta buɗe na taka totur, na ji ta yi nauyi, tana wani "kaf-kaf-kaf" daga ƙasa, muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na san ba lafiya. Ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na dubi gefen titi, na dube shi, na ƙara takawa. Ta kai mu. Tayoyinta na gaba sun shiga ƙofar asibitin, ta yi wata girgiza, ta yi shiru. Hayaƙi fari ya turnuƙe daga bonet. Masu gadi ne suka ɗauki maigidana. Da na zare katin zan bi su, sai na ga allurar ta kwanta a kan ja, fitilu uku suna ci. Allah kaɗai ya san tun yaushe take kira.

Bakanikenmu, Mai Gemu, ya jawo ta gareji. Tiyon ruwa ne ya fashe, lagireto ya tsiyaye. Ya zaro sandar baƙin mai ya nuna mini, ya koma kamar shayi mai madara. Ya ce kan injin ya lanƙwashe, jikinsa ya tsage. Ya goge hannu ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Da kin tsaya a kan gadar, tiyo kawai za mu canja."

Marigayiya ta bar maigidana, wanda yau kwana takwas ke nan maƙwabta biyu ke ɗaga shi su cusa a motar haya, yana kau da kai don kada su haɗa ido. Ranar Juma'a mai motar ya makara, aka rage masa awa guda a kan inji, ƙafarsa ba ta shiga takalmi ba har Litinin. Ta bar ni. Ta bar 'ya'ya uku da suka girma a kujerunta, da makulli biyu, da tayar safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Ta kuma bar Yaya Babba, yayan maigidana, wanda tun farkon ciwon nan yake tsaye a kanmu, ba zan ci amanar wannan ba. Shi ya kawo shawara. Akwai wani gari da ake zubawa a lagireto ya toshe tsaga na ɗan lokaci. A zuba shi, a canja baƙin mai da mai kauri, a wanke ta, za ta yi mako biyu ko uku tana tafiya lafiya lau. A sayar da ita a haka, a saya mana ƙarama. In kuwa aka sayar da ita gawa, abin da za a samu ba zai sayi mota ba. Mai Gemu ya ƙi, sai Yaya ya samo wani bakaniken da zai zo gobe. Da na buɗe baki ya ce, "Maman yara, ran ƙanina nake magana, ke kina maganar baƙon da ko sunansa ba ki sani ba. Shi wanda ya sayar muku gaya muku komai ya yi?" Har yanzu ina juya maganar nan a raina.

Shekaranjiya mai sayen ya zo gareji dubawa, Yaya ya ce in je in kai makulli. Malamin makaranta ne, ya zo da matarsa, cikinta ya tsufa. An wanke Taguwa tana ƙyalli, aka ce musu batir kawai take jira. Ya shafa kujeru, ya leƙa rufin gilashi, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa. Bai ko ce a buɗe bonet ba. Ya ce a ƙauye mahaifiyarsa take, tafiyar awa shida, kuma a can matar za ta haihu. Matar ta zauna a kujerar gaba, ta maigidana, ta miƙe ƙafa tana murmushi. Ta ce mini, "Mama, ba ta taɓa ba ki wahala a hanya ba ko?" Yaya yana tsaye a bayana. Na ce mata, "Sannu, ya jikin?" Abin da na iya faɗa ke nan. Na san irin hanyar nan. Sai ka yi awa guda ba ka ga gida ko ɗaya ba.

Jiya da rana, bayan mun dawo daga asibiti, na gaya wa maigidana komai, har maganar katin, wadda bai sani ba. Ya ce, "Cikin matar malamin wata nawa ne?" Na ce zai kai takwas. Ya ce, "Yaya zai yi fushi." Can kuma ya ce, "Takardun motar suna cikin baƙar jakata."

Wasiyyar da marigayiya ta bari ga masu neman irinta ita ce wannan. Wanda ya sayi sabuwa, kada ya rufe mata baki, ko da kukan ya dame shi, kada kuma ya ɗora komai a gaban allo. Wanda zai sayi ta hannu, ya bar kallon kujera. Ya je da safe kafin a ɗumama ta, a tayar a gabansa, ya tsaya a baya ya dubi hayaƙin salansa. Ya buɗe murfin baƙin mai da hannunsa. In ya murɗa makulli, fitilun allo duka su kama sannan su mutu, wadda ta ƙi kamawa wani ne ya cire ta. Ya ce a bar ta ta kwana, ya dawo ya ga ko ta karkace gefe guda, don jakar iska in ta huje haka take yi. Ya zo da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba. In kuma ya tambayi matar gidan ta amsa masa da gaisuwa, ya kama hannun matarsa su tafi.

Za a yi jana'izar Taguwa jibi Asabar, ƙarfe goma na safe, a garejin Mai Gemu da ke bayan gidan mai. Ba za a zuba mata komai ba. Za a buɗe bonet, duk mai son ganin gawa ya gani. Daga nan masu sayen kayan mota za su kwance ta. Ƙofofi da kujeru da fitilu da giya da jakunkunan iska lafiyarsu ƙalau, na tsaya musu. Injin kuwa na 'yan gwangwan ne, a kan sikeli zai tafi.

Ba za a yi zaman makoki ba. Wanda yake son yi mana gaisuwa ya zo da mota ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi na safe, mai ƙasa-ƙasa in da hali, ko Laraba, ko Juma'a, ko duk makon da ya samu dama, don ban san ranar da za mu sake yin tamu ba.

Yaya, ka yafe mini da ka ji a nan. Na san da na faɗa maka a ido, da ka fi ni baki. Takardun suna hannuna, kuma ba zan sa hannu a sayar da ita a matsayin mai rai ba. In malamin ya zo ranar Asabar, ka bar shi ya shigo. Ni zan tarbe shi, akwai tambayar da matarsa ta yi mini da ban amsa ba.