Walimar da Ta Rage wa Rilwanu Kilo Guda da Rabi

Jiya Laraba na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na auri Suwaiba: na ce mata kada ta sa sanwa da ni. Ko kokon safe ban sha ba. Na zura babbar rigata ta Sallah, mai zurfin aljihun nan, na taka da ƙafa daga Ƙofar Guga, domin babur ɗina kwanansa uku a layin mai yana jiran tankar da aka rantse mana ta taso tun makon jiya. Walimar manya na nufa, wadda aka yanka wa raguna biyar. Bayan la'asar sai ga ni a tsakar gida ina roƙon Suwaiba ƙanzo.

Kafin ku ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ku tsaya ku ji. Aikin ƙasa ne ya fitar da ni.

Ina da maƙwabci, Rilwanu, ɗan marigayi Lawal mahauci. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake dambe, daga baya ya haɗa da kokawa, sannan wani tsohon ɗan sanda ya koya masa kokawar Japanawa da ake ce wa judo a wani kango bayan hasumiyar Gobarau. Da ya tara waɗannan fitinu uku a jiki ɗaya, sai wani mai shirya wasanni daga Ikko ya ce masa ai akwai sana'ar da ake haɗa su duka, ana ce mata faɗan keji. A rufe ƙarti biyu cikin ragar ƙarfe, kowa ya fito da abin da ya iya: naushi, shuri, kayarwa, maƙura. Wanda ya ji wuya ya bubbuga ƙasa da tafin hannu, shi ke nan an gama. Ranar da na fara gani a kaset na ce ai wannan layin mai ne aka sa wa alƙali.

Sau shida Rilwanu ya shiga keji a Ikko. Ya ci biyar, a ɗayan kuwa aka shaƙe shi har ya suma, ya dawo mana da haƙorinsa a aljihu. Shekara takwas ke nan kullum bayan asuba yana gudu daga unguwarmu zuwa Ƙofar Kaura ya dawo, da garin kwaki da ƙuli a ciki, kuma ban taɓa ganin wani mai babbar riga ya miƙa masa ko ƙwai ɗaya ba. Bana Allah ya yi, aka aiko masa da gayyata daga ƙasar waje. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Asabar za a ɗora shi a sikeli, kada ya wuce kilo saba'in. In ya haura ko da rabin kilo ne, babu faɗa, babu kwantiragi. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma a wannan sana'ar ba a aiko wa mai irin shekarunsa goron gayyata sau biyu.

Mako shida ke nan yaron nan ba ya cin komai sai dafaffen zogale da ƙwai. Ɗan mahauci guda ya koma toshe hanci in zai wuce tukubar tsire. Kowace safiya mukan je rumfar Malam Gwadabe mai awon gyaɗa, Rilwanu ya duƙunƙune cikin buhu, mu rataye shi a ƙugiyar sikeli, Malam Gwadabe ya gyara tabarau ya karanta mana allura. Daga saba'in da takwas aka faro. Ranar Lahadi yana saba'in da ɗaya.

Ana nan sai manya suka ji labari a rediyo.

Kun dai san tun da sojoji suka koma bariki kwamitoci ke tsiro a garin nan kamar tafasa da damina. Ɗaya daga ciki shi ne Kwamitin Tattalin Masu Hazaƙa, wanda shugabansa mu a unguwa muke kira Mai Girma Sarkin Almakashi, saboda ba ya fita sai da almakashinsa a aljihu ko Allah zai haɗa shi da zaren da za a yanka. Ya aiko a karɓo fasfon Rilwanu, wai ba daidai ba ne ɗan gari ya fita duniya da takardar da ba hannun shugabanni ne ya miƙa masa ba. Na so Rilwanu ya ƙi. Amma mutumin da ke kayar da ƙato a daƙiƙa arba'in bai iya cewa a'a ga ɗan aiken babba ba, ya shiga ɗaki ya ɗauko.

Aka ce ya zo gidan Mai Girma ranar Litinin ya ci abinci ya karɓi abinsa. Malam Gwadabe ya ba da shawara ya ɗauki azumin nafila, tunda ranarsa ce, ga lada ga tsira. Muka je, aka jere mana kaji da dambun nama da fura mai nono. Rilwanu ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mani aikin gahwara, azumi nike."

Mai Girma ya yi kabbara, ya yaba da tarbiyya, ya ce irin matasan da sabuwar dimokuraɗiyya ke nema ke nan. Sannan ya mayar da fasfon aljihu.

"Ba a karrama mutum baki busasshe," in ji shi. "A maida shi Laraba. Laraba dai ba a azumi. Kuma da hannuna zan ba ka, ka ci ka yi ƙarhi, kada a ce Katsina ta aika ramamme."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin sikeli. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi a saninsa ba a taɓa kai rago kasuwa an ce ya cika ƙiba ba, kuma in Turawa na da wata doka ta daban sai su rubuto wa kwamiti.

Ranar Alhamis Rilwanu zai kama hanyar Kano ya hau jirgi. In ya ƙi cin abincin Laraba ya raina babba, babu fasfo. In ya ci, to wanda ya yi mako shida da yunwa ba loma ɗaya zai yi ya tsaya ba, kuma da ma yana da kilo guda a wuya. A hanyarmu ta komawa gida na yi ta satar kallonsa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

A nan ne na sadaukar da kaina. Muka shirya zan zauna kusa da shi, duk abin da aka zuba masa ya riƙa motsa baki, ni in riƙa aikin. Abin da ciki ya kasa ɗauka aljihu ya ɗauka. Suwaiba ta ce ba ta taɓa ganin na karɓi aikin ƙasa da sauri haka ba.

An ce ƙarfe goma, an fara sha biyu da rabi. Rumfuna uku aka kafa, duka na manya da masu riƙe musu jaka. Shi wanda ake karramawa aka ce ya tuɓe riga, ya sa safar faɗa, ya tsaya a tsakar fili inda masu hoto za su same shi da haske. Duk babban baƙon da ya iso sai mai sanarwa ya ce a nuna masa abin da za a yi wa Turawa, Rilwanu ya yi ta naushin iska yana shuri har baƙo ya zauna. Manyan baƙi goma sha ɗaya ne, kuma kun san babba ba ya zuwa tare da wani babba. Sai jawabai. Mutum bakwai suka bayyana yadda suka gano hazaƙar yaron tun yana goye, uku daga cikinsu suna kiransa Rabi'u. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Awa uku yana tsaye a rana, gumi na zuba har ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinsa.

Daga nan aka kawo ragunan. Na gyara zama, na sassauta tazuge, na yi bisimilla a zuci.

Jama'a, ni shaida ne, kuma zan faɗa ko a gaban alƙali: ban taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba. Raguna biyar suka sauka a babban teburi, kafin mai addu'a ya shafa an yi rabi. Sauran aka naɗe a jarida, direbobi suka yi layi ba turereniya, but ɗin mota na buɗewa yana rufewa. Mai Girma ya manta da alƙawarin ciyarwa da hannu, don hannayen duka biyu suna da aiki. Abin da ya iso inda muke shi ne kwalbar lemo ɗaya mai zafi, ita ma wani mai tsaron ƙofa ya ce ta maigidansa ce. Sai da Mai Girma ya sa ƙafa ɗaya a mota na tsugunna na tuna masa da fasfo. Ya lalubo shi, ya miƙo ta taga, da shatin yatsunsa na maiƙo a bango.

Ba mu zame ko'ina ba sai rumfar Malam Gwadabe. Muka sa Rilwanu a buhu muka rataye. Malam ya duba allura, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Sittin da tara da rabi.

Mahaifiyarsa, Inna Safara'u, tana bakin zaure tana jiranmu. Da muka faɗa mata ba ta yi guɗa ba. Ta karɓi fasfon ta goge maiƙon da bakin zanenta, ta daɗe tana duban ƙashin wuyan ɗanta, sannan ta ce, "Na kwana biyu ina roƙon Allah kada su ba ka abinci. Ashe wahal da kaina na yi, ɗan nan. Yaushe suka taɓa ba ka?"

Yau da hantsi ya tafi. Abin da zai tarar a cikin keji Allah ne masani, amma dai zai shiga, kuma wannan karon ba ni da bakin ƙorafi. Shekara da shekaru ina rubutawa a jarida cewa cin manya ba ya amfanar talaka, ga shi na ga inda ya amfana, kuma adalci ne in faɗa.

Af, kafin mu bar rumfar ni ma na shiga buhun don in gwada. Malam Gwadabe ya ce daga ranar da aka rantsar da farar hula zuwa jiya na sauke kilo shida, ba gudu ba zogale. Ashe duk garin ake shiryawa awo, ba a dai faɗa mana ranar faɗan ba.