Na'urar da Ta Kai Surukata Wajen Mai Bole

Ba zan taɓa mantawa da damina ta farko da na yi a Fatakwal ba, don kullum da fargaba ɗaya nake kwana: in fita da goyona in kasa gane hanyar gida. Lungunan unguwarmu Diyobu duk kama ɗaya suke yi mini.

Maigidana, Baban Ummi, albasa yake kai wa masu abinci a keke. Wata rana ya zo da wata 'yar na'ura mai nuna hanya, ya ɗaure mazauninta a kan keken da robar tsohon tayu. Cikinta akwai wata kibiya shuɗiya da ke yawo kamar ɗan kifi a rafi. Ya ce daga sama taurari ke gaya mata inda take. Sai in zauna ina kallonta, ina raya cewa akwai wani tauraro can bayan hadari da ya san ni, ya san Ummi, ba zai bari mu ɓata ba.

Duk Juma'a in ya tafi masallaci a ƙafa, sai in zare ta in soke a zani, in bi ƙamshin bole, wato gasasshiyar ayaba da kifi da manja, har rumfar wata Madam. (Ni ce fa mai ce wa kowa abincin Kudu ba ya shiga bakina.) Ran nan ina rumfar Madam na rikice da hanya, na danne hoton gida da ke jikinta na daɗe, wai ta mayar da ni. Ashe ce mata na yi nan ne gidanmu.

Ranar da Inna, surukata, za ta iso ganin jika, maigida na can wajen sauke kaya. Ya ba wansa, Yaya Sale, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, keken, ya ce, "Ka tarbo ta a tashar Rumuokoro, ka danna hoton gida, mai Keke Napep ya biyo ka."

Ni kuwa na ce bari in yi bankwana da bole kafin Inna ta zauna. Ina kan benci, ana yayyafi, na lumshe ido, jelar kifi a hannu, manja har haɓa. Sai na ji ƙararrawar keke.

"To, na'ura ta ce mun iso," in ji Yaya Sale.

Inna ta leƙo daga cikin Keke Napep. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na durƙusa zan gaishe ta, baki cike, gaisuwar ta ƙi fita.

"Sannu, 'yar nan. Haɗiye tukuna. Ashe gidan naku har da murhu a ƙofa?"

Madam ta so ta taimake ni da 'yar Hausarta: "Mama, yarinya mai kyau. Kullum Juma'a tana zuwa."

Inna ta karɓi Ummi ta goge mata manjan da ke kumatunta, sannan ta ce a ƙunsa mata nata, a rage yaji.

Tun ranar na gane tauraron da ya san inda kake, ba ya riƙe sirri. Don Allah, in kun ga na'urar maigida da hoton gida a jiki, ku bar ta a kan kekenta, ku tambayi hanya da baki.